Motar da Ta Koyi Shan Rake

A Piracicaba, bayan masana'antar sukari,
inda iska ke tafe da tsami-tsami da zaƙi,
Jussara ta ɗaga murfin motar babanta,
tsohuwar Opala mai launin ƙasa,
ta ce daga yau ta yi sallama da fetur,
ruwan rake za ta sha.

Ta sauya fistin, ta buɗe wa injin maƙogwaro,
ta sa famfo mai turo mai kamar an koro shi.
Saura jijiyoyi. Nan ta yi rowa:
ta sayo tiyon roba, mita uku,
baƙi, mai sheƙi, mai laushi a hannu,
araha kamar ayabar yamma.

Tsoho Valdomiro bai ce uffan ba.
Ya yanki guntu, tsawon ɗan yatsa,
ya jefa a kwalbar zumar da ta ƙare,
ya cika ta da itanol, ya murɗa murfi,
ya ajiye a taga kusa da rediyo.
"Je ki. Sai Juma'a ta sama."

Ran Juma'ar, ruwan ya koma shayi.
Robar ta kumbura kamar mushen kwaɗo.
Ya sa farce, ta marmashe,
baƙin gari ya kwanta a layin tafinsa.
"Wannan garin ne zai je ya toshe
ƴan ƙofofin da ke fesa wa inji mai.
Wata rana kina hawan tudu, kin taka wuta,
inji ya ji ƙishi, ya cinye kansa.
Araha ba ta ado, yarinya.
A nan har gobara take haifa.

"Itanol ba mugu ba ne, tsabta ce ta yi masa yawa.
Yana wanke duk abin da ya taɓa,
da dauɗa da abin da ba dauɗa ba,
yana jan ruwa daga iska kamar gishiri da damina.
Nemi tiyo mai rufin tefulon a ciki,
mai sulken ƙarfe a baya.
Karanta abin da aka rubuta a jikinsa,
bar bakin mai shago, shi haya yake biya.
Ki ƙara faɗi. Aikin da fetur kofi uku ke yi,
rake sai ya ba da huɗu."

Ta nuna masa filtar da ke aljihunta.
Ya girgiza ta kusa da kunne, ya yi dariya.
"Takarda da gam! Wata biyu ta zama kunu.
Biyu za ki sa. Kafin famfo, ragar ƙarfe
mai manyan idanu, kada ki shaƙe shi.
Bayansa mai ƙananan idanu, ta zaren gilashi.
Ki buɗe ta farkon nan da mako uku:
tankin nan ya shekara arba'in yana ɓoye laifinsa,
yanzu zai fara amayarwa."

Albashin mako biyu ya tafi.
Ta kwana uku a ƙarƙashin mota,
tocila a baki, sifana a hannu,
sulken tiyo ya tsattsage mata yatsu,
ta yi zagi, ta tsotse jinin, ta ɗaure.

Da asubahin Lahadi ta murɗa makulli.
Ya yi tari. Ya sake tari. Ya kama.
Ta durƙusa tana shafa kowace gaɓa,
babu ɗigo, babu danshi.
Sai hayaƙin ya zagayo daga baya,
siriri, mai ɗan zaƙi,
ƙanshin rigar Benedito
in ya dawo daga saran rake da magariba,
shekara talatin, adda a kafaɗa.

Ta daɗe a durƙushe.
Valdomiro ya juya baya, yana neman tasha a rediyo.

Kwalbar na nan a taga har yau.
In wani yaro ya shigo da tiyo mai sheƙi,
ba a yi masa wa'azi.
Miƙa masa ake yi, a ce ya girgiza.